AS5600: sensar da na ɗora wa injin ƙyanƙyasar ƙwaina, da abin da na gani a wajenta

Sa moto ya juya da Arduino, ɗan allon kwamfutar nan da ake rubuta wa furogiram ya sarrafa na'ura, ba wani aiki ba ne, ɗan sakandare ma zai iya cikin yini guda. Inda gizo ke saƙar shi ne sanin wurin da ƙarfen ya tsaya, musamman bayan an ɗauke wuta an dawo da ita. A kan haka ne na sayi AS5600, 'yar sensa mai karanta kusurwa ta hanyar maganaɗisu, na ɗora ta a injin ƙyanƙyasar ƙwai da na haɗa a gida nan Kano. Ta yi aiki tun daga hunturu har zuwa damina, lokacin da ƙwan zabi ke cika kasuwa, don haka ina ganin na isa in faɗi wani abu a kanta. Ta yi mini, kuma zan sake saye. Amma ba zan ce wa kowa ya saya ba sai ya ji sharuɗɗanta, domin rabin aikinta ba a waya yake ba, ba kuma a furogiram ba. A wajen ɗaura ta yake.

Bari in fara da aikin da na nema mata. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi, na zabo 26 zuwa 28, a zafin wajen digiri 37.5. Dole a riƙa juya shi, in ba haka ba ɗan tsakon ya manne a jikin ɓawo. A injina tiren ƙwai ne yake karkata, digiri 45 hagu, digiri 45 dama. A kwana ukun ƙarshe ana daina juyi a daidaita tiren ya kwanta sambal, haka ma lokacin jera sabon ƙwai ko haska shi da tocila. Ke nan wurare uku nake bukata, ba biyu ba. Moton da ke jan tiren JGY-370 ne mai bolt 12, irin mai giyar da ke kulle kanta in ya tsaya, allon tuƙa moto na L298N ke tuƙa shi, Arduino Uno kuma ke ba da umarni.

Hanyar da yawancinmu ke fara tunani ita ce ta agogo: kunna moto daƙiƙa kaza, kashe shi. Wannan ba ta riƙe. Gudun moto yana bin ƙarfin batir, kuma tire cike da ƙwai ba ɗaya yake da rabin tire ba. Kuskuren digiri ɗaya yau, ɗaya gobe, kafin mako tire ya soma dukan bango.

Abin da ke kusa da hannu shi ne maɓallin ƙara murya na rediyo, wato fotenshiyomita mai 10k. Ba na raina shi. Yana da babbar falala guda: ko an kashe an kunna ya san inda yake, shi ya sa shi ne a cikin ƙananan motocin servo, masu tsayawa a kusurwar da aka umarta, irin su SG90 da MG996R. Uno yana karanta shi daga 0 zuwa 1023, juyinsa kuma wajen digiri 270 zuwa 300. Matsalarsa gogayya. A ciki wani ɗan harshen ƙarfe ne ke shafar layin gawayi, kuma a injin ƙwai wuri ɗaya yake ta shafa dare da rana, cikin ɗumi da raɓa. Wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, da na nuna masa zanen, ya ce mini: “Yaro, wannan shi ne abin da ake fi kawo mini ya fara ƙarar yashi. Kai kuma a ɗakin tururi za ka sa shi?” Na ce: “Baba, shi ne mai araha.” Ya ce: “To ka sayi biyu.” Gaskiyarsa. Wanda na gwada, da ya soma tsufa, lambarsa takan yi tsalle daidai inda ya fi goguwa, moto kuma ya bi tsallen yana karkarwa.

KY-040 kuwa, ɗan maɓallin murɗawa mai ƙirga juyi wanda ke cikin kusan kowane kwalin kayan Arduino, an yi shi ne don yatsa, ba don moto ba. Ku bar shi a wajen zaɓen abu a allo. Sai na'urar ƙirga juyi mai aiki da haske, wanda ke da faifai mai tsaga 20 da ɗan allon LM393. Wannan ya iya auna gudun tayar ƙaramar mota ta wasa, amma ido ɗaya gare shi, bai san gaba aka yi ko baya ba, kuma tsaga 20 na nufin digiri 18 tsakanin ƙirga da ƙirga. Ga ƙurar hunturu, ga kuma wannan lallausan gashin 'yan tsaki da ke tashi ranar ƙyanƙyasa ya shiga kowace kafa. Wanda ya taɓa share injin ƙwai ya san shi.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne moto mai enkoda, wato abin ƙirga juyi, a gindinsa, irin JGA25-370. Yana ba da bugu 11 a kowane juyin moto, a layi biyu, don haka ya san gaba da baya, in ka ninka da yawan giya kuma sai ka sami ƙirga mai laushi ƙwarai. Amma ƙirga ce kawai. Kamar mai jan carbi ne da barci ya ɗauke shi: in ya farka bai san a nawa ya tsaya ba, sai ya koma farko. Da an ɗauke wuta, ko batir ya yi ƙasa Arduino ya sake tashi, dole tire ya tafi neman makunnin iyaka, wanda ake sawa a ƙarshen tafiyarsa, kafin ya san kansa. Stefa, wato moto mai tafiya taku-taku, irin 28BYJ-48 ko NEMA 17 ma haka, da ƙarin cewa in nauyi ya sa ya tsallake taku ba zai gaya maka ba. Za ka iya adana ƙirgar a EEPROM, ma'ajiyar da ba ta gogewa in an ɗauke wuta, amma na Uno rubutu 100,000 aka lamunce wa kowane gurbi, kuma in wuta ta yanke ana tsakiyar tafiya, abin da ka adana ya riga ya zama tsohon labari. A wurin da wuta take a tsaye wannan ƙaramar magana ce. A wurinmu ita ce maganar gaba ɗaya.

To ita AS5600 ba ta ƙirga, dubawa take yi. Kamfanin ams na ƙasar Ostiriya ne ya ƙera ta, wanda yanzu ake kira ams OSRAM. 'Yar ƙwaya ce mai ƙafa takwas, a cikinta akwai sensocin Hall, masu jin ƙarfin maganaɗisu, da aka jera a da'ira. Za ka manna ɗan maganaɗisu a bakin ƙarfen da ke juyawa, ita kuma tana fuskantarsa ba tare da sun taɓa juna ba, sai ta gaya maka inda ya fuskanta da lamba daga 0 zuwa 4095. Wato ta raba juyi ɗaya gida 4096, kowane gida bai kai kashi ɗaya cikin goma na digiri ba. Ba abin da ke gogar wani, ba ido da ƙura za ta toshe, kuma takardar bayananta ta ce tana aiki daga digiri 40 ƙasa da sifili har 125, don haka ɗumin injin ƙwai ba komai ba ne a wurinta.

Ban same ta a Sabon Gari ba a lokacin, sai na yi oda daga wani mai sayar da kayan Arduino a Legas, aka sako mini a mota. Kuɗinta bai wuce na kiret ɗin ƙwai ba. Ta zo a 'yar leda: allo ɗan ƙarami mai huji huɗu, ƙafafun da za ka liƙa da dalma da kanka, da maganaɗisu ɗaya wanda bai kai ƙwayar wake ba. Ba takarda, ba bayani. Wannan maganaɗisun ku riƙe shi da kyau, ku buɗe ledar a cikin faranti, domin in ya faɗi ya manne a ƙasan tebur ko jikin almakashi, aikinku ya tsaya.

Dalili kuwa, ba irin wanda muka saba da shi ba ne. Maganaɗisun lasifika, na murfin jaka, na belun kunne, duk arewa a fuska ɗaya take, kudu a ɗaya fuskar. In ka juya irinsu a gaban sensar ba ta ganin wani canji na kirki, lamba sai ta yi ta yawo. Wanda take so shi ne wanda aka raba ta gefe, rabin da'irar arewa, rabi kudu. Gane shi ba wuya: kwantar da shi a tebur kusa da kamfas, ko na wayar hannu, ka juya shi a kwance. In allurar ta bi shi tana zagayawa, shi ne. Na sake yin oda daga wani wuri don ajiya, ɗaya daga cikin ledojin ta zo da maganaɗisu irin na gama-gari, kuma da ido ba za ka taɓa bambancewa ba. Saboda haka kafin ka tura kuɗi, tambayi mai kaya ko akwai maganaɗisu a ciki, kuma wane iri ne.

Sai ɗauri, inda na fi daɗewa. Sharaɗi na farko, tsakiyar maganaɗisu ta dace da tsakiyar ƙwayar, ba tsakiyar allon kawai ba. Takardar bayanai ta ba da sassaucin milimita 0.25 ne kacal in maganaɗisun mai faɗin milimita 6 ne. Na biyu, tazara tsakaninsu ta kasance tsakanin rabin milimita da milimita 3. Na uku, kada ka manna shi kai tsaye a bakin ƙarfe mai kama maganaɗisu, domin ƙarfen yana janye ƙarfinsa. Sandar tirena ƙarfe ce, sai na sa aka yanko mini guntun roba mai tauri, aka huda gefe ɗaya daidai kaurin sandar, ɗaya gefen kuma aka yi ɗan rami daidai maganaɗisu, na ɗiga gam na danna shi ciki. Allon kuma na ɗaura shi a guntun alminiyam mai siffar kwana, da dogayen huji maimakon zagayayyu, yadda zan iya matsar da shi sama ko ƙasa kafin in ɗaure noti. Tazarar da katin waya na auna ta: na sa kati biyu a tsakani, na ɗaure, na zare.

Abin da ya fi burge ni shi ne ita da kanta take gaya maka ko ka ɗaura daidai. Akwai gurbi a cikinta, 0x0B, da ke nuna ko ta ga maganaɗisu, ko ya yi rauni, ko ya yi ƙarfi da yawa. Akwai kuma 0x1A, wanda ke nuna yawan ƙoƙarin da take yi kafin ta ji shi: daga 0 zuwa 255 a bolt 5, daga 0 zuwa 128 a bolt 3.3. Ana so ya zauna wajen tsakiya. Na buɗe allon kwamfuta lambar tana gudana, hannuna ɗaya a kan alminiyam. In na matsa kusa lambar ta sauka, in na ja baya ta hau. Da ta zauna tsakiya sai na karkata tiren da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan ina kallo. In lambar tana hawa da sauka sosai yayin juyi, to maganaɗisun ba a tsakiya yake ba, sai a sassauta noti a gyara. Ban san wata sensa mai wannan kuɗin da ke taimakon mai ɗaura ta haka ba.

A jikin sandar tire na sa ta, ba a jikin moto ba, kuma ina ba kowa shawarar haka. Juyi ɗaya kawai ta sani. In ka sa ta inda ƙarfe ke zagayawa sau da yawa, dole furogiram ya riƙa ƙirga zagayen, ka ga an koma gidan jiya. Laburaren AS5600, wato shiryayyen furogiram da Rob Tillaart ya rubuta mata, yana yin wannan ƙirgar, amma ita ma wuta na ɗaukewa ta tafi. A jikin tire kuwa, abin da take gani shi ne abin da ƙwai ke ji, har da lakon giya da na sarƙa. Na juya robar maganaɗisun har sai da tire a kwance ya ba ni kusan 2048. Digiri 45 gida 512 ne, don haka hagu 1536, dama 2560. Amfanin haka shi ne wurin da lamba ke tsallakawa daga 4095 zuwa 0 ya koma can baya inda tire ba ya zuwa, lissafi ya zama ragi da tarawa kawai.

Haɗin waya mai sauƙi ne, I2C ce, wato hanyar aika bayani ta waya biyu: SDA zuwa A4, SCL zuwa A5 a Uno, ko 21 da 22 a ESP32, wani allo mai aiki irin na Uno. Amma a nan ne arahar allon ke nuna kanta, araha kuwa ba ta ado. Ƙwayar tana karɓar bolt 3.3 ko 5, sai dai haɗin kowanne daban ne. A allon da na samu, akwai ɗan resista mai sifili da ya haɗe ƙafafun wutar biyu, ma'ana an shirya shi don 3.3. In za ka ba shi 5 sai ka cire wannan, kuma ba wanda ya rubuta haka a ko'ina. Ni daga ƙafar 3.3 ta Uno na ba shi wuta, ya yi aiki lafiya. Akwai wani resistan kuma da ya ja ƙafar PGO ƙasa, wanda ke hana ƙafar OUT ba da wutar analog yadda ya kamata sai an cire shi. Alluna sun bambanta, don haka bi layukan naka da mitar awon wuta kafin ka ba shi wuta. Ƙafar DIR kuwa kada a bar ta a sake. Ita ke zaɓar ɓangaren da lamba ke ƙaruwa. A haɗa ta da GND ko da wuta. In aka bar ta tana lilo, lamba takan juye ba dalili, mutum ya yi ta zargin furogiram.

Yanzu ga yadda take a bakin aiki. In tire na tsaye, lamba kan motsa gida ɗaya ko biyu, ba fiye ba. Na gwada ta da ma'aunin kusurwa na akwatin lissafin 'yan makaranta da kuma manhajar awon daidaito ta waya, ban ga bambancin da ya wuce digiri ɗaya ba, wanda kuma shi ne abin da takardarta ta yi alkawari. A lura, raba juyi gida 4096 daban, daidaiton awo daban. Na biyun yana hannun wanda ya ɗaura. Ga ƙwai, digiri ɗaya ba komai ba ne. A furogiram na sa moto ya rage gudu in saura gida 60, ya tsaya in ya shiga cikin gida 6 na inda aka nufa, kada ya tsaya yana kai da komo a kan lamba ɗaya. Sakamakon shi ne tire yana sauka a hankali, ba girgiza, ƙwai ba ya motsi a gurbinsa.

Gwajin da na fi damuwa da shi na yi shi da gangan. Tire na tsakiyar tafiya na zare wayar batir, na kwance sarƙa, na karkata tiren da hannu zuwa wani wuri daban, na mayar da komai. Arduino na tashi, lambar farko da ya karanta ita ce ta sabon wurin, ya kuma ɗauki hanya daga nan zuwa inda ya kamata. Ba neman iyaka, ba dukan bango. Da dare in an ɗauke wuta injin ya koma kan batir, ko da Arduino ya sake tashi a wajen canjin, da safe ina tarar da tire inda jadawali ya ce. Saboda wannan kaɗai ta biya kuɗinta.

Duk da haka ban yi watsi da makunnan iyaka ba, kuma ina roƙon kada kowa ya yi watsi da su. I2C ba ta son doguwar waya, ba ta kuma son maƙwabtaka da wayar moto. Tartsatsin burushin moto kan iya rikita layin, laburaren Wire na Uno kuma yana iya tsayawa cak yana jiran amsar da ba za ta zo ba, alhali moto na ci gaba da ja. Na gajarta wayar ta koma ƙasa da rabin mita, na raba hanyarta da ta moto, na liƙa kafasita mai 100nF a bakin moton, na kuma kunna setWireTimeout don kada ya yi jiran har abada. Sannan na sa ƙananan makunnai biyu a can bayan digiri 45, a kan layin wutar moto kai tsaye, da dayod a kowanne don ya iya dawowa baya. Su ba ruwansu da furogiram. Tire ɗaya na ƙwan zabi ya fi ƙarfin a dogara da waya huɗu kawai. Allon kuma na shafa masa ɗan fenti mai sheƙi a kan dalmar saboda raɓa, tunda a kwanakin ƙarshe danshin ciki yakan kai kashi 65 zuwa 70.

Wani gargaɗi: tana da damar a ƙona mata wurin farawa da na tsayawa a cikinta har abada, amma sau uku kawai ake iya yi, kuma ba a gogewa. Mai aikin gida ba ya bukatar wannan. Ajiye lambar daidaitonka a furogiram ko a EEPROM, duk ranar da ka kwance sanda sai ka canza.

Wanda tirensa hagu da dama kawai yake zuwa, ba ya neman tsakiya, makunnan iyaka biyu sun ishe shi, kada ya wahalar da kansa da milimita. Wanda ke son sanin ko ƙofa ta rufe, 'yar sensar A3144, mai jin kusantowar maganaɗisu, da kowane irin maganaɗisu za su yi. Mai auna gudun taya ya ɗauki moto mai enkoda. AS5600 ta wanda ke son kusurwa ce a cikin juyi ɗaya, kuma yake son amsar ta tsira daga ɗaukewar wuta: tiren ƙwai, farantin sola mai bin rana, hannun ɗan mutum-mutumi, eriya mai juyawa.

Masu farantin sola da masu hannun mutum-mutumi su san abu ɗaya tun kafin oda. Adireshinta a layin I2C ɗaya ne, 0x36, kuma ba ya canzuwa, don haka biyu ba sa zama a layi ɗaya. ESP32 yana da layin I2C biyu, zai ɗauki biyu. A Uno sai ka ƙara TCA9548A, wanda ke raba layin gida takwas, ko ka karanta ta biyun ta ƙafar OUT, ko ka nemi 'yar'uwarta AS5600L wadda ake iya canza wa adireshi. In kuma moton mai gudu ne sosai ko ana son awo mafi laushi, AS5048A mai SPI, wata hanyar aika bayani mai sauri, tana raba juyi gida 16,384, sai dai kuɗinta ya ninka na wannan. Injin da nake haɗawa yanzu tire biyu ne kowanne da motonsa, kuma ESP32 zan sa masa da AS5600 guda biyu, kowacce a layinta.